Moton juya ƙwai yana wuce iyaka: wace sensa zan ɗaura masa?

Sadiq_Gwammaja
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawara, don abin nan ya fara ci mini tuwo a ƙwarya. Wata uku ke nan ina haɗa injin ƙyanƙyasar ƙwai da gangar jikin wani tsohon firij. Ɓangaren zafi na gama da shi, ƙaramin allon kwamfuta na Arduino Uno yana riƙe da shi a kan digiri 37.5 lafiya lau. Matsalar tana wajen juya tire.

Moton waifa na mota na sayo a Ƙofar Ruwa, na haɗa shi da dogon rodi mai zare M10, noti yana hawa yana sauka a kansa, yana tura hannun tiren. Daga wannan gefe zuwa wancan tafiyar santimita 15 ce, kusan minti biyu. To ni da lokaci na yi aiki: moto ya yi daƙiƙa 120 gaba, ya huta awa biyu, ya yi 120 baya. Na zuba ƙwai 30 na gwaji. A dare na shida na ji ƙara, na buɗe na tarar notin ya kai ƙarshen zare, tiren ya karkace har ƙwai tara sun zubo sun fashe a kan fankar ƙasa. Wasu har jijiyar jini ta fara fitowa a ciki. Wallahi abin ya taɓa mini zuciya.

Yanzu na gane dole allon ya san inda tiren yake. Na ga ana maganar KY-040 mai ƙirga juyi, da AS5600 mai auna kusurwa ta hanyar mayen ƙarfe, da bolum irin na rediyo, da makunnin iyaka wanda ake dannawa in an kai ƙarshen tafiya. Wanne ya fi dacewa? Tire biyu masu cin ƙwai 88 kowanne nake son sawa, ba na son in sake yin asara.

Injiniya_Bashir
Wa alaikumus salam. Allah Ya mayar da alheri, Malam Sadiq. Abin da ya same ka ba laifin moton ba ne. Gudun moton DC yana bin ƙarfin batir da nauyin da ke kansa. Da rana batirinka yana sama da 13V, da asuba ya sauka kusa da 12V, kuma hawa ya fi sauka nauyi. Duk tafiya sai ka samu ragi ko ƙari na 'yan milimita, su yi ta taruwa har ranar da za su kai ka ƙarshe.

Kafin a zaɓi sensa, amsa mini wannan: wurare nawa kake son sani? Gefe biyu kawai, ko kowane digiri da ke tsakani? Amsar ita za ta rage maka rabin jerin nan.

Sadiq_Gwammaja
Gefe biyu ne, Injiniya. Digiri 45 hagu, 45 dama.

BabaAudu_MaiRediyo
To ai ka gama, ɗana. Makunnin iyaka guda biyu, shi ke nan. Kar ma ka saya. Je wajen masu gyaran na'urar ɗumama abinci, kowace tana da irinsu biyu ko uku a bakin ƙofarta, masu cewa ƙas in an danna. Shekara da shekaru ana buɗe ƙofar nan ana rufewa ba su gaji ba.

Nemi masu ƙafa uku: COM, NO, NC. Ka ɗauki COM da NC, wato wanda yake a haɗe kullum sai an danna ya rabu. Dalili kuwa, ran da ɓera ya ci wayar ko dalma ta saki, allon zai ga kamar an kai iyaka, ya tsaya. In ka yi amfani da NO, wanda yake a rabe sai an danna ya haɗe, waya ta tsinke, moto zai yi ta tafiya yana jiran saƙon da ba zai zo ba, ka koma gidan jiya.

coder_Zee
Ni dai ina ganin tunda ana yi, a yi mai kyau. AS5600 ba tsada gare shi ba, kuma yana raba zagaye ɗaya gida 4096, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na digiri. Ba ya taɓa komai balle ya goge. Waya biyu ta I2C, wato hanyar da yake magana da allo, ƙafafun A4 da A5 a kan Uno, adireshinsa 0x36. Ko wuta ta ɗauke ta dawo, yana farkawa ya gaya maka kusurwar da yake. Makunni ba zai yi maka haka ba in tire ya tsaya a tsakiya.

Hajiya_MaiKaji
Sannu da ƙoƙari ƙanena, Allah Ya sa albarka. Ni ban san harkar wayoyinku ba, amma shekarata takwas ina ƙyanƙyasa. Kaza ba ta auna digiri. Ko 40 ka samu maimakon 45 ƙwai zai yi. Abin da ƙwai ba ya so shi ne a manta da shi a gefe ɗaya, musamman a makon farko, sai ɗan tayin ya manne da ɓawo. Kuma ba ya son fizga. Wannan tafiyar taka ta minti biyu a hankali ta yi daidai, kar ka ƙara mata gudu.

Amma ka ce wuri biyu kake buƙata, ni kuwa na ce uku ne. Ranar 18 za ka daina juyi, ka miƙar da tiren ka kwashe ƙwan zuwa kwandon ƙyanƙyasa. Haka ranar da za ka haska su da tocila ka fitar da marasa kyau. Ka taɓa gwada zaro tire mai ƙwai 88 yana a karkace?

Injiniya_Bashir
Hajiya ta kawo abin da ni ban tuna ba. Akwai tsakiya. Na gode Hajiya.

Umar_Mekatroniks
Bari in fara cire KY-040 daga lissafi. Wannan don yatsa aka yi shi, irin na zaɓen abu a allo. Taku 20 ne a zagaye, ƙarafa ne ke gogar juna a ciki, kuma suna rawa kafin su zauna, sai a ƙirga taku ɗaya sau biyu ko uku. Na taɓa ɗaura shi a wata ƙaramar mota ta aikin makaranta, bai yi sati biyu ba ya fara tsallake ƙirga. Kuma shi ƙirga kawai yake yi daga inda ka kunna shi, bai san inda yake a zahiri ba.

Nan ne ma asalin rabuwar take. Akwai sensa mai cewa "na matsa taku kaza", akwai mai cewa "ga inda nake". A garin da wuta ke tafiya ba sallama, ta biyun ta fi kwanciyar hankali.

Nura_Panteka
Me zai hana ya manna ɗan mayen ƙarfe a jikin rodin, ya sa sensar A3144 mai jin mayen ƙarfe kusa da shi? Zaren M10 milimita 1.5 yake tafiya a kowane zagaye. Santimita 15 zagaye 100 ke nan cif. Ƙirga 0 hagu, 50 tsakiya, 100 dama. Ya sa shi a ƙafa ta 2 ta Uno mai katse aiki, ya adana lambar a EEPROM, wato ma'ajiyar allon da ba ta gogewa in wuta ta ɗauke. Haka na yi wa labulen shagona kuma yana aiki. Sai dai a tuna A3144 fuska ɗaya ta mayen ƙarfe yake ji, in bai amsa ba a juya mayen. Kuma yana son rasisto 10k zuwa 5V, ko a kunna INPUT_PULLUP.

Umar_Mekatroniks
Oga Nura, lissafinka na zare daidai ne, amma duba EEPROM ɗin. Ta ATmega328P, ƙwayar da ke kan Uno, an yi mata alkawarin rubutu 100,000 ne a kowane gurbi. In ya rubuta a kowane zagaye, 100 sau 12 a rana, 1,200 ke nan. Cikin kwana 83 ya cinye alkawarin, ƙyanƙyasa huɗu kacal. In kuma sai ya tsaya zai rubuta, to ran da wuta ta yanke yana tsakiyar tafiya lambar da ke ciki ta zama ƙarya.

Nura_Panteka
Ana iya rarraba rubutun a gurabe daban-daban ai, 1,024 ne a ciki. Amma na yarda, ko da ƙirga sai an sa makunni ɗaya na komawa gida, inda ƙirga za ta sake farawa daga sifili. Labule in ya ɓata lissafi ba abin da zai fashe.

Issoufou_Maradi
Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Mu nan ma kuran, wato wutar lantarki, yana yanke mana sosai lokacin zafi, shi ya sa komai nawa a kan batir da faifan rana yake. Ina da tambaya ga mai aikin: me kake tuƙa moton da shi? Don in allon tuƙa moto na L298N ne, ina jin tsoro.

Sadiq_Gwammaja
L298N ne, Malam Issoufou. Yana zafi ƙwarai, har na sa masa ƙaramar fanka.

Issoufou_Maradi
Na yi zato. Wannan amfiya 2 ne iyakarsa a kowane gefe, kuma yana cinye wajen 2V ko fiye a cikinsa ya mayar zafi. Moton waifa in ya maƙale yana haura amfiya 10. Nemi allon BTS7960 da ya fi shi ɗaukar wuta, ko rile biyu masu ƙarfi tunda ba gudu kake canzawa ba. Sa fis a layin batir. Wani abu kuma: yawancin motocin waifa waya ɗaya tana haɗe da gangar jikinsu, saboda a mota bodi shi ne nagatif. In ka juya wuta don ya koma baya, gangar jikin ta zama fozitif. In ta taɓa ƙarfen firij da ka haɗa da nagatif, sai hayaƙi. Auna da mita kafin komai.

Sadiq_Gwammaja
Subhanallah. Na auna yanzu, a haɗe take. Katako na ɗaura shi a kai shi ya sa ban gani ba. Allah Ya saka da alheri.

Aisha_Elektrik
Mu dawo kan sensa. Ba wanda ya yi wa bolum adalci. Bolum B10K guda ɗaya, a ɗaura shi a kan sandar da tiren yake lilo a kanta, ba a kan rodi ba. Ƙafar tsakiya zuwa A0, na gefe zuwa 5V da GND. Bolum yana juya wajen digiri 300, Uno yana karanta 0 zuwa 1023, don haka digiri 90 ɗinka zai ba ka lambobi kusan 300. Ya ishe ka har ya yi yawa. Hagu, tsakiya, dama, duk lamba ce kawai, kuma yana tashi daga ɗaukewar wuta ya san inda yake, kamar dai AS5600 ɗin da Zee ke so, ba tare da laburaren kod ko I2C ba.

Sharaɗi biyu. Ka duba harafin: B ne mai tafiya daidai, A na sautin rediyo ne, lambobinsa a cunkushe suke a gefe ɗaya. Na biyu, kar ka ɗaure shi ƙam da sandar. Ɗan guntun tiyo na roba, irin na mai a babur, ka zura bakin bolum a gefe ɗaya, sanda a ɗaya gefen. In akwai 'yar karkata tiyon zai shanye, in ba haka ba wuyan bolum ɗin zai karye.

BabaAudu_MaiRediyo
'Yata, bolum na san shi fiye da shekara talatin. Abin da ke kashe shi ƙura da danshi ne. Ba ki ji rediyo yana ƙarar yashi in an murɗa ba? Cikin injin nan danshi ya haura kashi 50, a kwanakin ƙarshe har kusan 70, ga burbushin gashin 'yan tsaki da ke shiga ko'ina. Wata uku ba zai yi ba zai fara ba da lambar banza.

Aisha_Elektrik
Gaskiya ne Baba, shi ya sa nawa a waje yake. Na huda bangon, sandar ta fito, na kifa masa murfin gorar ruwa na liƙe gefen. Ya shekara yana nan. Kuma a cikin kod ina ɗaukar karatu 20 in raba, sannan in lambar ta fita daga tsakanin da na sani, moto ya tsaya ƙararrawa ta yi kuka.

coder_Zee
To in dai za a fito da sanda waje, me ya rage wa AS5600? Nan ma zai zauna.

Injiniya_Bashir
Zai zauna, Zee, amma faɗa masa wahalar da ke ciki. Mayen ƙarfen ba kowanne ba ne. Sai wanda aka raba fuskokinsa gefe da gefe, rabin da'ira arewa rabi kudu. Irin na lasifika ko na murfin jaka sama da ƙasa ne, ba zai yi ba, kuma wasu masu sayarwa suna turo allon ba mayen. Dole ya zauna a tsakiyar sanda daidai saitin ƙwayar, tazara tsakanin rabin milimita zuwa 3. In sandar ƙarfe ce, a sa ɗan roba ko katako tsakani don kar ta janye ƙarfin. Ƙafar DIR kar a bar ta a sake, a kai ta GND ko wuta, in ba haka ba lambobi su yi ta tsalle. Wanda yake da injin buga roba zai yi wannan cikin awa ɗaya. Wanda walda da zarto ne kayan aikinsa zai sha fama.

Kuma kar ka ɗaura shi a kan rodin, Malam Sadiq. Zagaye ɗaya kawai ya sani. Rodinka yana yin 100, ba zai gaya maka ko a na 7 yake ko a na 70 ba.

Khalifa_ESP
Ni MPU6050, sensar da ke jin karkata da motsi, na manna a jikin tire na. Nauyin ƙasa shi ne ma'auninsa, ba ruwansa da sanda ko saiti. Da lissafin atan2 a kan layi biyu na akselaromita, wato ɓangarensa mai jin nauyin ƙasa, kusurwa ta fito. Ba sai ka taɓa jairo ɗin, ɓangarensa mai auna saurin juyi, ba tunda tafiyar a hankali ce.

Umar_Mekatroniks
Dabara ce mai kyau Khalifa, amma wayoyinsa huɗu za su yi ta lanƙwasa sau 12 a rana, cikin zafi da danshi. Kuma I2C ba ya son doguwar waya kusa da moto mai burushi. Ya taɓa daskarar mini da allo gaba ɗaya, laburaren Wire yana jiran amsa, moto kuma yana kunne. Tun ranar nake sa setWireTimeout da mai gadin da ke sake kunna allo. Wannan matsalar ta shafi AS5600 ma, sai dai shi yana da ƙafar OUT da za a karanta kamar bolum.

BabaAudu_MaiRediyo
Kun ji abin da nake gudu. "Allo ya daskare, moto yana kunne." Duk sensar da kuka lissafa sai ta bi ta cikin kwakwalwar nan kafin moto ya tsaya. In kwakwalwar ta suma fa?

Ga yadda ake yi tun kafin a haifi Arduino, kuma haka yake a cikin hannun da ke juya tsofaffin manyan dish. Makunnin NC biyu a jere a kan wayar moton kanta. Kowanne a gicciya masa dayod babba mai barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, irin 6A10, ɗaya yana kallon nan ɗaya yana kallon can. Noti ya danna makunni, wuta ta yanke ta wannan hanya, ko allo ya so ko bai so ba. In aka juya wuta, dayod ɗin ya ba ta hanya moto ya ja baya, makunni ya koma ya haɗe. Abin lura ɗaya, amfiyar da aka rubuta a jikin makunnin ta AC ce, a DC ba ya ɗaukar haka, don haka a zaɓi manya, kar a sa 'yan ƙananan nan na cikin linzamin kwamfuta.

Aisha_Elektrik
Wannan kam ba musu, Baba. Ko da bolum ɗina zan ƙara wannan. Ka sa su ɗan gaba da inda bolum ke tsayar da tire, su zama katanga ta ƙarshe.

Garba_Funtua
Ku yi haƙuri in shigo da wata. Injinan kasuwa da yawa ba su da sensa ko ɗaya. Ƙaramin moton AC ne mai zagaye ɗaya cikin awa huɗu, an rubuta 1/240 a jikinsa, da ɗan hannu kamar fedar keke. Yana zagayawa tire yana zuwa yana dawowa, ba inda zai wuce balle ya fasa ƙwai. In ƙirar ƙarfen ta hana wuce iyaka, sensa ta zama ta ado.

Sadiq_Gwammaja
Na gan su Malam Garba, amma suna son 220V, ni kuma 12V nake da shi ba inbata. Kuma anya zai ɗaga ƙwai 176?

Garba_Funtua
Ɗaya ba zai ɗaga ba, kowane tire da nasa ake sawa. Amma ita dabarar fedar za ka iya yin ta da moton waifa. Ai a mota ma haka yake aiki, gefe ɗaya yake juyawa. Har makunnin fakin yana da shi a cikin akwatin giyarsa, wanda ke mayar da waifa mazauninsa in an kashe. Sai dai gudun zai yi yawa ba tare da an rage shi ba, kuma Hajiya ta ce ban da fizga.

Hajiya_MaiKaji
Ban da fizga kam. Kuma in za ka sa ƙwan zabi, ka tuna su kwana 26 zuwa 28 suke yi, sai wajen 25 ake daina juyi. Kar ka rubuta 18 a cikin na'urar ta yadda ba za a iya canzawa ba. Ka sa mini maɓalli ɗaya wanda ko yarinyata ta danna tire zai miƙe ya tsaya.

Nura_Panteka
Maganar tsakiya ba sai da bolum ba. Yanke rabin da'ira na gwangwani ka ɗaura a sandar tire, ka sa sensa ɗaya a bakinsa. In gwangwani ya rufe ta, kana hagu. In ya buɗe, kana dama. Inda ya canza nan ne tsakiya. Ko daga ina ka farka ka san ta ina za ka nufa. Sensar haske mai tsaga ta cikin tsohuwar firinta za ta yi, muna da su buhu-buhu a nan Panteka.

Issoufou_Maradi
Dabarar ta burge ni, amma sensar haske da ƙurar hunturu ba sa shiri. Ta ƙofar gidan wani da na gyara, duk sati biyu sai an hure ta. Da sensar LJ12A3 mai jin ƙarfe ce, ba ruwanta da ƙura. Milimita 4 take ji, tana cin 6V zuwa 36V, sai dai kar a kai fitarta kai tsaye ƙafar Arduino in a 12V take, a bi ta ofto PC817, ƙwayar da ke raba wutar 12V da ta allo.

coder_Zee
Yanzu an kai makunni biyu, dayod biyu, gwangwani, LJ12A3 da ofto, duk don a guje wa ƙwaya ɗaya. Ni har yanzu ina kan bakana. Malam Sadiq, in ka yarda zan buga maka mazaunin mayen ƙarfen da roba in aiko maka, ka gwada ka gani da idonka.

Injiniya_Bashir
Ko wacce ka ɗauka, ƙara wannan a kod: in moto ya yi daƙiƙa 150 bai isa inda aka aike shi ba, ko ya yi daƙiƙa 10 lambar ba ta motsa ba, a kashe shi a kunna ƙara. Agogon da ya cuce ka da farko nan ne wurin aikinsa. Sa kuma kafasito 100nF a bakin moton, ka murɗa wayoyin sensa da juna, ka raba hanyarsu da ta moto.

Sadiq_Gwammaja
Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Ga inda nake. Yau da yamma na samo makunni uku wajen wani mai gyara a Sabon Gari, da 6A10 guda biyu. Na raba wayar moton da gangar jikinsa kamar yadda Malam Issoufou ya nuna. Na haɗa irin na Baba Audu a kan tebur, na cire Arduino gaba ɗaya na ba shi batir kai tsaye: noti ya je ya danna, ƙas, ya tsaya. Na juya waya ya dawo. Sau goma na yi ina kallo.

Na tsakiya ne ban yanke ba. Ina da B10K a gida, zan fara da shi gobe tunda sandar tana iya fitowa ta gefen firij. Zee, turo mazaunin, zan gwada shi a tire na biyu in kwatanta su. Ba zan zuba ƙwai ba sai ya yi kwana uku yana juya duwatsu masu nauyinsu.

Anti Aisha, tiyon nan ba ya zamewa a kan sandar in ya ji zafi? Sandata milimita 8 ce, bakin bolum kuma 6.

Aisha_Elektrik
Yana zamewa in ba a ɗaure ba. Nemi tiyo mai ramin 6, ka tsoma bakinsa ɗaya a ruwan zafi ya yi laushi, ka tura shi a kan ta 8 ɗin, ka ɗaure gefe biyun da siririyar waya. Sannan ka ja layi da maka daga sanda har kan tiyo zuwa bolum. Duk ran da ka ga layin ya rabu, ka san ya zame.

BabaAudu_MaiRediyo
Duwatsun nan ka sa su a tire biyun duka, ɗana, kuma ka gwada da asuba lokacin da batir ya yi ƙasa. Ka taɓa dayod ɗin da yatsa bayan ya ja baya, ka gaya mini ko ya yi zafi.